Shinkafa da Asali: Tarken Yadda Manazarta Suka Kalli Katin Rabon Abinci na Zanzibar a Yaƙin Duniya na Biyu

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Maris na shekarar 1942 sojojin Japan suka kame Rangun, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Bama. Bahaushe ya san Bama ne a matsayin fagen daga, domin can aka kai dubban 'yan Arewa da aka ɗauka soja a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Amma ga mazauna gaɓar Tekun Indiya da tsibiransa, Bama rumbu ce. Kafin yaƙin babu ƙasar da ta kai ta fitar da shinkafa a duk duniya, don takan fitar da kimanin tan miliyan 3 a shekara. Da rumbun ya faɗa hannun abokan gaba, ita kuma Indiya ta shiga nata halin, wanda ya kai ga yunwar Bengal ta 1943, sai tukwane suka soma yin sanyi a wuraren da jiragen shinkafa suka saba sauka. A wasu ƙasashen Tekun Fasha tsofaffi suna kiran wannan lokaci da "shekarar kati", kamar dai yadda Hausawa suka raɗa wa yunwar 1914 suna Kakalaba. Daular Larabawa ta Zanzibar, wadda ke ƙarƙashin kariyar Ingila a lokacin, tana cikin wuraren da abin ya shafa, sai dai nata katin ya zo da wani abu a kansa: an rubuta shi ne bisa jinsin mai riƙe da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken yadda littattafai uku suka tunkari matsalar jinsi da asali a Zanzibar, tare da amfani da katin rabon abinci a matsayin ma'auni. Littattafan su ne Zanzibar under Colonial Rule wanda Abdul Sheriff da Ed Ferguson suka shirya a 1991, da Pastimes and Politics na Laura Fair na 2001, da kuma War of Words, War of Stones na Jonathon Glassman na 2011. Za a fi daɗewa a kan na ƙarshen, saboda shi ne ya fi ɗora nauyin hujjarsa a kan harshe, kuma shi ne ya fi jan hankalin mai nazarin harshe da adabi.

2.0 Tsibiran Kanumfari

Zanzibar tsibirai biyu ne manya, Unguja da Pemba. Wajejen 1840 Sayyid Sa'id bin Sultan na Oman ya mayar da fadarsa can, kuma a zamaninsa ne noman kanumfari ya bunƙasa da ƙarfin bayin da aka tsallako da su daga tudun Afirka. Tun daga nan tsibiran suka kama hanyar sayar da kanumfari da kwakwa su sayi abinci. Ana noma shinkafa a fadamu, musamman a Pemba, amma ba ta isa ba, dole sai an cike gurbi da ta jirgi. A 1890 Ingila ta ɗora kariyarta a kan daular, a 1897 kuma aka soke matsayin bauta a gaban shari'a. Da yawa daga cikin 'yantattun bayi ba su bar gonakin ba. Sun ci gaba da shuka rogo da sauran abinci a tsakanin itatuwan kanumfari, mai gona yana amfana da sharar da suke yi masa, su kuma suna samun wurin zama.

Turawan mulki sun ɗauki Zanzibar a matsayin ƙasar Larabawa, suka kuma tsara jama'arta hawa-hawa: Balarabe mai ƙasa ne, Ba'indiye ɗan kasuwa, ɗan Afirka kuwa lebura. Da aka kafa Majalisar Dokoki a 1926 an ba Larabawa da Indiyawa kujeru, amma sai bayan yaƙi aka naɗa ɗan Afirka na farko, wato Shehu Ameir Tajo. Ƙidayar 1948 ta nuna mutane kimanin 264,000, Larabawa a cikinsu 44,560 ne, wato ba su kai kashi 17 cikin ɗari ba.

2.1 Katin Rabo

Da abinci ya yi ƙaranci sai gwamnati ta ƙayyade shi, ta kuma matsa wa jama'a lamba a kan noma. Wannan ba baƙon abu ba ne a yaƙin, don ita kanta Ingila da kati ta rayu. Baƙon abin shi ne ma'aunin da aka bi. An fifita Larabawa da 'yan Asiya wajen samun shinkafar da ta rage, bisa hujjar cewa ita ce cimarsu ta gado. Wanda aka rubuta a matsayin ɗan Afirka kuwa, an ɗauka masara da rogo da makamantansu sun wadace shi. A kan takarda tsarin yana kama da tausayi, kowa a ba shi abin da cikinsa ya saba. A zahiri kuwa mutumin birnin Zanzibar da aka haifa a unguwar Ng'ambo, ko manomin Pemba da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin shinkafa da romon kwakwa, ya wayi gari an ce masa shinkafa ba abincinsa ba ce.

A daidai wannan lokaci, wajejen 1940, aka kafa Ƙungiyar Shirazawa, wadda ta fi ƙarfi a Pemba. Shirazawa su ne 'yan asalin tsibiran waɗanda ke danganta kansu da birnin Shiraz na Farisa. Labarin yana cikin tarihin Kilwa, inda aka ce wani basarake ya taso da 'ya'yansa shida cikin jirage bakwai, kowane ya sauka a wani gari na gaɓar teku. Mai karatu Bahaushe ba zai rasa tuna Bayajida da Bagadaza ba, domin saƙar iri ɗaya ce: baƙo daga gabas, da zuriyar da ta watsu ta kafa garuruwa. Bambancin shi ne, a Zanzibar irin wannan labari ya sami farashi a kanti. Idan Shiraz tana Asiya, to Bashiraje ɗan Asiya ne, kuma ɗan Asiya yana da haƙƙin shinkafa. A kan wannan hujja Shirazawa suka nemi a raba su da 'yan tudu, waɗanda Suwahilawa ke kira wabara.

Tambayar da ta raba kan manazarta ita ce: me wannan ke nufi? Shin yunwa ce ta haifi asali, ko kuwa asalin ya riga yunwa zuwa?

3.0 Mazhabar Aji

Littafin da Sheriff da Ferguson suka shirya ya fito ne daga mazhabar tarihi ta Jami'ar Darussalam, wadda ke auna al'umma da ma'aunin aji da mallakar hanyoyin samar da dukiya. A wurin marubutansa rabuwar gaskiya tana tsakanin mai gona da mai aikin gona, da tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi. Jinsi kuwa mayafi ne da mulkin mallaka ya lulluɓa wa wannan rabuwa. Suna da hujjoji masu ƙarfi. A shekarun 1930 Larabawa masu gonaki da yawa sun nutse cikin bashin 'yan kasuwar Indiya, har gwamnati ta sa baki da dokokin 1934 don ta cece su. Haka kuma yajin aikin 1948, wanda leburorin tashar jiragen ruwa suka fara, ya tashi ne a kan albashi da tsadar rayuwar bayan yaƙi.

Idan aka ɗora katin rabo a kan wannan ma'auni, amsar a fili take: Bature ya raba, talaka ya bi inda tuwo yake. Bashiraje ya tuna da Farisa ne don cikinsa ya yi ƙugi. Wannan bayani yana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinsa, amma yana da aibi biyu. Na farko, ya mayar da mutanen tsibiran tamkar ƙwallon da ake bugawa, ba su da nasu tunanin game da ko su wane ne sai wanda aka cusa musu. Na biyu, ya kasa bayyana abin da ya sa asalin bai gushe ba bayan shinkafa ta dawo kasuwa. Da ciki ne kaɗai, da ƙoshi ya kashe maganar. Sai ga shi sunan Shirazi ya shiga sunan jam'iyyar Afro-Shirazi a 1957, ya kuma zama silar tsagewarta a 1959 lokacin da Muhammad Shamte da Ameir Tajo suka ɓalle suka kafa jam'iyyar ZPPP mai ƙarfi a Pemba.

3.1 Tufafi da Waƙa

Laura Fair ta bi wata hanya dabam. Littafinta ya shafi birnin Zanzibar daga 1890 zuwa 1945, kuma ya dogara ƙwarai a kan hira da tsofaffi maza da mata. Ta bi 'yantattun bayi da 'ya'yansu tana duba yadda suka sake wa kansu suna da kama ta hanyar sutura, da ƙwallon ƙafa, da ƙin biyan kuɗin haya a Ng'ambo a 1928, da waƙoƙin tarabu na Siti binti Saad, wadda ta je Bombai a wannan shekarar aka ɗauki muryarta a faifai. Abin da ya fito fili a aikinta shi ne asali a Zanzibar riga ne da ake iya sakewa. Alƙaluman ƙidaya sun mara mata baya. A 1924 kimanin mutum 34,000 suka ce su Suwahilawa ne. A 1931 waɗanda suka amsa wannan suna ba su fi 2,000 da 'yan kai ba, saboda kalmar ta soma ɗaukar warin bauta. A daidai wannan tsakani Larabawa suka tashi daga kimanin 19,000 zuwa kimanin 33,000. Haihuwa da ƙaura ba su isa su kawo irin wannan ƙari cikin shekara bakwai ba. Mutane ne suka sake suna.

Waɗannan alƙaluma sun isa su rushe ra'ayin cewa kati ne mafarin komai, domin sauyin ya riga katin da fiye da shekara goma. Amma suna kuma nuna abin da katin ya zo ya ɓata. Kafin yaƙi, zama Balarabe ko Bashiraje abu ne da ake sasantawa da maƙwabta sannu a hankali: a sake tufa, a ƙara ilimin addini, a yi aure a gidan da ya dace, a sayi 'yan itatuwan kanumfari, har wata rana unguwa ta daina tuna inda kakan mutum ya fito. Da kati ya zo sai sasantawar ta tashi daga zaure ta koma teburin akawu, inda amsa biyu ce kawai, i ko a'a. Littafin Fair ya tsaya a 1945, wato daidai bakin ƙofar zamanin da wannan sauyi zai fara haihuwa. Ba laifinta ba ne, iyakar da ta shata wa kanta ke nan, sai dai mai karatu yana rufe littafin da jin an bar shi a tsakiyar hanya.

4.0 Glassman da Yaƙin Kalmomi

A inda Fair ta tsaya ne Glassman ya ɗauka. Tambayarsa ita ce yadda al'ummar da kusan dukanta Musulmi ce, mai harshe ɗaya, mai auratayya, ta kai ga yanka juna. A watan Yuni na 1961 rikicin zaɓe ya ci rayuka 68, mafi yawansu Larabawa. A ranar 12 ga Janairun 1964, wata ɗaya da samun 'yancin kai, aka hamɓare Sarki Jamshid bin Abdullah, aka kashe dubban mutane. Amsar Glassman ita ce ba a iya jingina wannan ga Bature shi kaɗai. 'Yan bokon tsibiran ne da kansu suka ƙera harshen jinsi, suka haɗa abin da suka karanta a littattafan Turawa da abin da suka gada a gida, suka kuma yaɗa shi.

Ƙarfin littafin yana wajen bin sawun kalma. Kalmar da Suwahilawa ke amfani da ita wajen wayewa ita ce ustaarabu, wadda tushenta Larabci ne, kuma a kunnen mai ji tana ɗauke da ma'anar zama kamar Balarabe. Kishiyarta ita ce ushenzi, wato gidadanci ko rashin wayewa, wanda ake jingina wa mutanen tudu. Glassman ya nuna yadda malaman makaranta, a mujallarsu mai suna Mazungumzo ya Walimu, suka riƙa rubuta tarihin tsibiran a matsayin labarin wayewar da ta zo daga ƙetaren teku ta haskaka duhun Afirka. Daga bisani 'yan siyasar ɗaya ɓangaren suka juya wannan labari a kansa: inda aka ce wayewa suka ce bauta, inda aka ce malami suka ce mai bulala. A shekarun da mutanen Zanzibar ke kira zama za siasa, wato zamanin siyasa, daga 1957 zuwa 1963, jaridu irin su Mwongozi na masu kishin ƙasa da Afrika Kwetu na ɓangaren Afro-Shirazi suka riƙa jifan juna da waɗannan labarai. Marubucin bai tsaya a kan shafin jarida ba. Ya bi kalmomin zuwa dandalin hira da wurin mai gahawa, inda mai karatu ɗaya ke karanta wa goma, ya kuma nuna yadda suka rikiɗe suka zama jita-jita, jita-jitar ta zama tsoro, tsoron ya zama dutse a hannu. Duk wanda ya taɓa nazarin waƙoƙin siyasa na kowace al'umma zai yaba da haƙurin da aka yi wajen wannan bibiya.

Game da kati, hujjarsa tana da amfani kai tsaye. Jami'in da ya rubuta cewa shinkafa abincin Balarabe ce bai ƙago ra'ayin daga iska ba. Ya tarar da tsani a jingine, ya hau. A gaɓar Afirka ta Gabas shinkafa ta daɗe da zama abincin masu hali da masu birni, abincin biki da sallah da karɓar baƙo, tuwon masara da rogo kuwa ana kallonsu a matsayin cimar bawa da ɗan ci-rani. Ke nan lokacin da Bashiraje ya ce shi ɗan Asiya ne, yana neman mudu, yana kuma kare wani matsayi da ya yi imani nasa ne tun kafin yaƙi, wato shi mutumin gaɓa ne mai addini da wayewa, ba a haɗa shi layi ɗaya da wanda ya tsallako jiya tsinkar kanumfari. A nan Glassman ya fi mazhabar aji gaskiya.

4.1 Inda Hujjar ta Yi Rauni

Duk da haka akwai abin dubawa. Littafin da ya sa wa kansa suna yaƙin kalmomi dole ya karkata ga masu kalma, wato malamai da editoci da 'yan siyasa, kuma kusan dukansu maza ne. Nauyinsa ya faɗa a kan shekarun 1957 zuwa 1963, lokacin da jaridu suka fi zafi. A irin wannan tsari, matakan gwamnati kamar katin rabo suna zama shimfiɗa ne kawai, ana bi ta kansu a wuce zuwa ga ainihin wasan. Matsayin wannan maƙala shi ne katin ya fi ƙarfin shimfiɗa, saboda dalilan da ke tafe.

Kalma takan kama ne inda ta tarar da tabo. Edita yana iya rubuta cewa Larabawa sun danne 'yan Afirka, amma abin da zai sa mai sauraro a dandali ya gyaɗa kai shi ne ya taɓa ganin abin da idonsa. Bautar da jaridu ke ta ambato ta ƙare a doka tun 1897. A 1957 waɗanda suka ɗanɗana ta da jikinsu tsofaffi ne ƙalilan. Amma wanda yake ɗan shekara ashirin a 1943 bai wuce talatin da huɗu ba a zaɓen farko. Shi ne mai jefa ƙuri'a, shi ne mai zuwa taro. Abin da ya sani na bambancin jinsi ba a littafi ya karanta ba. Ya san lokacin da aka auna wa maƙwabcinsa shinkafa, shi aka nuna masa rogo, alhali sahu ɗaya suke bi a masallaci. Tazarar da ke tsakanin kati da ƙuri'a shekara goma sha huɗu ce kacal. Nazarin da ke neman sanin abin da ya ba kalmomin 1957 kaifi bai kamata ya yi wa waɗannan shekaru tafiyar sauri ba.

Abu na biyu shi ne yadda kati ke dunƙule mutane. A cikin Larabawan Zanzibar akwai tsofaffin gidaje masu gonaki da muƙamai, akwai kuma waɗanda ake kira Manga, wato sababbin zuwa daga Oman, matalauta, masu ƙananan kantuna a ƙauyuka. Tsakanin waɗannan biyu akwai nisa kamar tsakanin sarki da mai tallan goro, amma a gaban kati suna ɗaya ne. Ga talakan ƙauye kuwa, attajirin birni labari ne. Balaraben da yake gani kullum shi ne mai kantin da ke bayan awo, wanda yake ba shi bashi, wanda kuma a zamanin ƙaranci yake cewa akwai ko babu. Ba abin mamaki ba ne da ƙauracewa kantunan Larabawa ta zama ɗaya daga cikin makaman farko na zamanin siyasa, kamar yadda korar manoma daga gonakin kanumfari ta zama makamin ɗaya ɓangaren. Haka kuma Larabawan Manga ne suka fi shan wuya a 1961 da 1964. Glassman ya san da wannan, ya kuma yi bayanin yadda aka zana Bamange a matsayin mugu mai wuƙa a ƙugu. Abin da bai sami isasshen wuri ba shi ne kantin kansa, da awon, da tarihin wanda ya tsaya a gabansa da kati a hannu.

Na uku ya shafi madogara. Jarida tana ajiyuwa, layin rabon abinci ba ya ajiyuwa. Matar da ta dafa rogo a ranar da ya kamata a dafa shinkafa, ta kuma ƙirƙiri abin da za ta gaya wa 'ya'yanta, ba ta rubuta wa edita wasiƙa ba. Idan ta bar wani abu, to yana cikin habaici ne, ko waƙar biki, ko laƙabin da aka raɗa wa wani abinci, ko karin maganar da ake bugawa a gefen zanen kanga. Hanyar Fair ta hira da tsofaffi ita ce ta dace da irin wannan taska, amma littafinta ya rufe a 1945. Glassman ya rufe shekarun da suka biyo baya, amma kunnensa ya fi karkata ga maɗaba'a. Tsakanin littattafan biyu akwai rami, kuma mutanen da za su iya cike shi da bakinsu yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan hasara ce ga tarihi, hasara ce kuma ga nazarin harshe, domin yunwa tana daga cikin abubuwan da suka fi haifar da sababbin kalmomi.

Akwai wata gaɓa da ya kamata a yi wa Glassman adalci a kanta. Tsoronsa shi ne kada a sake komawa ga tsohon zance mai sauƙi, cewa Bature ya raba kawunan mutanen da ke zaune lafiya. Tsoron yana kan hanya, domin wannan zance yana wanke 'yan boko daga alhakin abin da alƙalaminsu ya jawo. Sai dai ba dole ba ne mai ba kati muhimmanci ya faɗa wannan rami. Kati aikin hannu biyu ne. Gwamnati ce ta buga shi, amma ƙungiyoyin jinsi na tsibiran ne suka riƙa kai ƙorafi a kan wanda ya cancanci shiga wane rukuni. Ƙungiyar Shirazawa ba ta ce a soke ma'aunin jinsi ba, cewa ta yi a ɗaga ta zuwa matakin sama. Wato ta amince da tsanin, matakinta kawai take jayayya a kai. Wannan misali ne cikakke na abin da Glassman yake son nunawa, cewa 'yan ƙasa sun sa hannu wajen gina katangar da ta raba su, kuma da ya daɗe a kansa da hujjarsa ta ƙara ƙarfi.

4.2 Pemba

Matsalar Pemba ta isa ta gwada dukkan ra'ayoyin. Tun a 1965 Michael Lofchie, a littafinsa Zanzibar: Background to Revolution, ya lura cewa a Unguja gonakin kanumfari sun ture 'yan asalin tsibirin zuwa ƙasa mai duwatsu, a Pemba kuwa Shirazawa da yawa sun riƙe gonakinsu, suna da nasu kanumfarin, dangantakarsu da Larabawa kuma ta fi sauƙi. Wannan bayanin ƙasa ne da dukiya, kuma mazhabar aji za ta yi na'am da shi. Glassman zai ƙara da cewa labarin wayewar gaɓa ya fi samun kunne a can. Abin da kati ya ƙara a kan waɗannan shi ne ƙungiya: a zamanin ƙaranci ne Shirazawan Pemba suka koyi tsayawa a gaban hukuma da sunan Shirazi, suna neman haƙƙi da shi. Darasin bai ɓace ba. A zaɓen Yulin 1963 jam'iyyar Afro-Shirazi ta sami kimanin kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujeru 13 kawai daga cikin 31, sauran 18 suka tafi ga haɗin gwiwar ZNP da ZPPP, kuma kujerun Pemba suna cikin abin da ya rinjayar da sikelin. Wata shida bayan haka aka yi juyin juya hali.

5.0 Dawowar Kati

Babu ɗaya daga cikin littattafan uku da ya sa zamanin bayan juyin juya hali a tsakiyar nazarinsa, don haka babu wanda ya bi katin zuwa rayuwarsa ta biyu. Gwamnatin Abeid Amani Karume ta karɓe harkar shigo da kaya daga hannun 'yan kasuwa, ta taƙaita sayo abinci daga waje da nufin tara kuɗin ƙetare da tilasta dogaro da kai, a daidai lokacin da kanumfari ke da daraja a kasuwar duniya. Zuwa farkon shekarun 1970 shinkafa da sukari da fulawa sun yi wuya, layi ya dawo ƙofar kantuna, aka koma rabon abinci da ƙayyadewa. A wannan karon babu yaƙi, babu Bature, babu kuma Sarki, kuma waɗanda ke riƙe da awon su ne 'ya'yan layin rogo na 1943. Pemba, wadda ta juya wa Afro-Shirazi baya a akwatin zaɓe, ta sha wuya ƙwarai a waɗannan shekaru. Sai bayan an kashe Karume a watan Afrilun 1972, Aboud Jumbe ya gaje shi, sannan aka fara sassauta shigo da abinci.